Kun Tambaya, Mun Amsa: Ɗaukar Hoton Kifi a Tankin Gida

Wasiƙun da suka shigo a 'yan makonnin nan kusan duk kukansu ɗaya ne. Mutum yana da tankin kifi mai kyau, duk wanda ya shigo ɗakin sai ya tsaya kallo, amma da zarar an ɗaga kyamara sai hoton ya fito wani iri. Mun haɗa tambayoyin da suka yi kama da juna, ga amsoshin.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tanki mai tsawon santimita 90. Duk hoton da na ɗauka, ni nake fitowa a ciki riƙe da kyamara, ga taga, ga ƙwan fitilar ɗaki, kifin kuma can ciki kamar a hazo. Laifin kyamarar ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kyamararka ba ta da laifi. Gilashi yana mayar da kusan kashi 4 cikin ɗari na hasken da ya faɗo a fuskarsa ta waje. Kason ba shi da yawa, amma idan ɗakin ya fi cikin tankin haske, wannan ɗan kason ya isa ya mayar da gilashin madubi. Abin da kake nema shi ne tankin ya zama shi kaɗai ke da haske a ɗakin.

Ka jira dare, ko ka sauke labule masu kauri. Kashe fitilun ɗakin gaba ɗaya, har talabijin da allon kwamfuta, ka bar fitilar tankin kaɗai a kan iyakar ƙarfinta. Sa riga mai duhu, domin hasken da ke fitowa daga tankin yana haska farar riga, ita kuma ta koma ta bayyana a gilashi. Haka hannunka, haka rubutun azurfa da ke gaban kyamara. Idan fitilar tankin a rataye take a sama tana zubo haske a ɗaki, rataya baƙin ƙyalle ko kwali daga gabanta zuwa bakin tankin, amma kada ya taɓa fitilar, kuma kada ya toshe inda take fitar da zafi.

Sannan ka samu hular roba da ake ɗaura wa lensi a gaba. Ana manna bakinta a jikin gilashin, sai ta tare duk hasken da zai shigo ta gefe. Dole ta roba mai laushi, saboda ta ƙarfe ko ta filastik mai tauri tana karce tanki, musamman na akirilik, kuma ƙarar bugunta tana razana kifi. In babu hular, huda tsakiyar baƙin ƙyalle daidai faɗin lensin, ka zura shi, ka manne gefunan ƙyallen a gilashi da tef.

Tambaya: To wani ya ce in sayi matatar haske ta folaraiza, wai ita ke kashe ƙyallin gilashi. Gaskiya ne?

Amsa: Tana kashewa, amma sai an kalli gilashin a karkace, wajen digiri 56 daga tsaye. Idan kana fuskantar gilashin kai tsaye, wanda shi ne yadda ya kamata a ɗauki kifi, kusan ba ta tsinana komai, ga shi tana cinye fiye da rabin hasken da kake da shi. Inda take da amfani shi ne ɗauka daga sama a karkace ta fuskar ruwa. Ga hoton ta gaba, hular roba ta fi ta nesa ba kusa ba.

Tambaya: Barkanku da aiki. Ni duwatsu da tsirran tankin suna fita tas, amma kifayen sai su zama kamar an shafa fenti da yatsa. Kyamarar tana kan "Auto". Me zan canza?

Amsa: Malama, nan ne yawancin mutane ke tuntuɓe, shi ya sa za mu ɗan daɗe a kai. Tankin da ido ke gani da haske, a wurin kyamara duhu ne. Idan kika bar mata zaɓi, sai ta bar idonta a buɗe na tsawon 1/30 ko 1/60 na daƙiƙa don ta tara haske. Dutse ba ya motsi, shi ya sa yake fita. Kifi kuwa kafin ta rufe ido ya riga ya kaɗa jela ya matsa.

Abubuwa uku ne a hannunki: saurin ƙiftawar kyamara, faɗin ƙofar haske da ake rubutawa da harafin f, da ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke ƙarfafa hasken da ta samu. Ki fara da saurin ƙiftawa, domin shi ne ba a yi masa rangwame. Kifaye masu tafiya a natse, irin su beta, anjel da diskos, 1/125 zuwa 1/160 yakan wadatar. Gupi, moli da kifin zinariya suna son 1/250. Masu wuf-wuf irin su daniyo da ƙananan tetira sai kin kai 1/400 ko 1/500.

Ƙofar haske kuma tana da tarko. Idan kika buɗe ta gaba ɗaya, a ce f/2.8, haske zai shigo da yawa, amma a kusa-kusa zurfin wurin da zai fita tas bai wuce 'yan milimita ba. Sai ki ga ido ya fita, baki da jela sun narke. Ki tsaya tsakanin f/5.6 da f/8 ga kifi guda. Abin da ya rage sai ISO ya cike. Lissafinsa mai sauƙi ne: duk lokacin da kika ninka saurin ƙiftawa, haske ya ragu da rabi, sai ki ninka ISO. Idan hoton yana da hasken da ya dace a 1/60 da ISO 400, to a 1/125 kina buƙatar 800, a 1/250 kuma 1600. Kada 1600 ko 3200 su ba ki tsoro. Hoton da ya ɗan yi yashi-yashi ana iya gyara shi a kwamfuta, amma kifin da ya shafe ba shi da magani.

Hanya mafi sauƙi ita ce ki sa kyamarar a kan M, wato saitawa da hannu, ki zaɓi 1/250 da f/5.6, ki bar ISO ya zaɓi kansa, tare da yi masa iyaka a 3200 ko 6400 gwargwadon ƙarfin kyamararki. Idan kin kai iyakar kuma hoton na nan da duhu, matsalar ta koma ta haske. Ɗora wata fitilar a saman tankin na ɗan lokacin da za ki yi ɗauka. Sau da yawa ƙarin fitila ɗaya ya fi sabon lensi gyara hoto.

Wani abu da ake mantawa: ma'aunin hasken kyamara yana ruɗewa da bango mai duhu. Yana ganin baƙi ya yi yawa sai ya ƙara haske, kifi mai jikin azurfa ya ƙone fari fat, ɓawon jikinsa ya ɓace. Ki rage hasken da -0.7 ko -1, ki kunna alamar nan da ke ƙyaftawa a wuraren da suka ƙone, ki duba gadon bayan kifin, domin nan ne fitila ke fara dukansa.

Tambaya: Na gyara saurin ƙiftawa, kifin ma a tsaye yake cak, amma hoton bai fita tar ba. Gefen jikinsa har da wani layi shuɗi-shuɗi da ja-ja. Lensin ne ya lalace?

Amsa: Gwada shi a kan wani abu a wajen tanki. Idan ya fita lafiya, to a karkace kake ɗauka. Haske yana lanƙwasa duk sanda ya fita daga ruwa ya shiga gilashi, ya kuma fita daga gilashi ya shiga iska, saboda ma'aunin lanƙwasar ruwa 1.33 ne, na gilashi kusan 1.5, na iska 1. Hasken da ya ratsa a miƙe ba ya karkata. Wanda ya ratsa a karkace yana lanƙwasa, kuma kowane launi da gwargwadon tasa lanƙwasar, shi ne layukan da kake gani. Gwargwadon kaurin gilashin da nisan kifin a cikin ruwa, gwargwadon munin abin.

Don haka lensi ya fuskanci gilashin a miƙe, digiri 90, ba sama ba, ba ƙasa ba, ba gefe ba. Idan kifin ya matsa hagu, kada ka juya kyamarar ka bi shi, ka matsa da jikinka gaba ɗaya. Idan ya sauka ƙasa, ka durƙusa. Kujera gajeriya a gaban tanki tana taimakawa ƙwarai. Tanki mai gaba a lanƙwashe kuwa, tsakiyarsa ce kaɗai za ta ba ka abin kirki, ko kuma ka koma ta gefen da yake a miƙe. Kifin da ke kashi ɗaya cikin uku na gaban tankin ya fi fita a kan wanda ke can ƙurya, domin ruwan da ke tsakaninku kaɗan ne.

Sai batun saiti, wato daidaita lensi a kan abin da ake so ya fita tar. Kowane lensi yana da iyakar kusancin da zai iya kamawa, kuma daga cikin kyamarar ake aunawa, inda aka yi wata 'yar alamar da'ira da layi ya ratsa ta. Lensin milimita 50 na gama-gari yakan buƙaci santimita 35 zuwa 45. Idan ka manna shi a gilashi kifin kuma na santimita 10 a ciki, ba zai taɓa kamawa ba, sai ya yi ta kai da komowa. Ka tuna kuma ruwa yana jawo abu kusa da kamar kashi ɗaya cikin huɗu: kifin da ke santimita 40 bayan gilashi, kyamara na ganinsa a santimita 30. Lensin ɗaukar ƙananan abubuwa na milimita 90 zuwa 105 shi ne ya fi dacewa da wannan aikin. In babu shi, ja da baya kaɗan ka dogara da duhun ɗaki.

Zaɓi ɗigon saiti guda ɗaya, ka ɗora shi a idon kifin. Idan ka bar wa kyamara, ganye mai haske ko tabon da ke jikin gilashi za ta kama. Sa saitin da ke bin abu mai motsi, wanda Nikon da Sony ke rubutawa AF-C, Canon kuma AI Servo ko Servo, ka haɗa da ɗauka a jere. Ga ƙananan kifaye masu sauri akwai dabarar da ta fi bin su: kifi yana da hanyar da ya saba bi. Ka zauna minti goma kana kallo, za ka ga suna zagayowa ta gaban wani dutse ko reshe. Saita a daidai wurin, ka kulle, ka jira su shigo da kansu. Ka danna lokacin da kifin ya ba ka gefe sosai, jikinsa ya yi layi ɗaya da gilashin, sai ya fita daga baki har jela. A cikin hoto ɗari, samun biyar masu kyau ba abin kunya ba ne.

Tambaya: Ruwana a ido fes yake, amma a hoto sai fararen ɗige-ɗige ko'ina kamar ƙura. Daga ina suke?

Amsa: Suna nan tun farko, idonki ne ke tsallake su. Ɓurɓushin abinci ne, da kashin kifi, da ƙananan kumfar iska, kuma hasken fitila na dukan kowannensu. Shirin hoto yana farawa ne tun jiya.

Kwana guda kafin ɗauka, ki goge gilashin ta ciki da magogin maganaɗisu ko soson tanki, ki kula kada tsakuwa ta maƙale a tsakani ta ja miki karce. Sai ki zuƙe dattin ƙasa, ki canza kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na ruwan, ki sa sabuwar auduga mai laushi a matatar ruwan tankin ta kwana tana tacewa. Kada ki canza ruwa a ranar ɗauka, domin sabon ruwa yakan bar ƙananan kumfa a jikin gilashi da ganye, dattin da aka tayar kuma bai gama kwantawa ba. Ta waje ki goge da ƙyalle mai laushi. Farin tabon da busasshen ruwa ke bari yana fita da ruwan khal da aka sirka rabi da rabi da ruwa. A ƙyallen ake zubawa, ba a fesawa kusa da buɗaɗɗen tanki, sabulu da maganin goge taga kuwa kada su kusanci wurin. Bayan kin gama, haska tocila daga gefe, duk shatin da ya rage zai bayyana.

A ranar kada ki ba su cikakken abinci sai an gama. Minti goma kafin ki fara, kashe famfon iska da matatar ruwa, ruwan ya tsaya, kumfa su haye, ganye su daina rawa. Amma ki sa ƙararrawar waya ta tuna miki. Ƙwayoyin halittar da ke cikin matata, waɗanda ke cinye gubar amoniya, da iskar da ruwa ke kawo musu suke rayuwa, kifayen ma haka. Kada kashewar ta wuce minti 20 zuwa 30, kuma idan tankin a cike yake da kifi ko kika ga suna hawowa sama suna haki, ki kunna nan take.

Tambaya: Filasha tana cutar da kifi? Kuma me ya sa duk sanda na kunna ta sai wani farin dunƙule ya fito a tsakiyar hoton?

Amsa: Dunƙulen filashar ce da kanta. Tana zaune daf da lensi, haskenta ya tafi a miƙe ya daki gilashi ya dawo ta hanyar da ya bi. Wanda ya samu ya ratsa kuma yana haska duk ɓurɓushin da ke tsakaninka da kifin, sannan ɓawon kifin ya mayar da shi kamar madubi. Filashar da ke jikin kyamara ko waya, kashe ta kawai.

Wadda ake cirewa daga kyamara kuwa ita ce ke ba da hoton kifi mafi kyau, idan aka sa ta a sama tana kallon ƙasa, yadda rana ke faɗowa a kan ruwa. Ɗaga ta santimita 20 zuwa 30 daga fuskar ruwa, ka shimfiɗa farar takarda ko farin filastik mai ratsuwa a kan marfin gilashin tankin don hasken ya bazu. Fara da 1/200, f/11, ISO 200, ƙarfin filasha 1/8, sai ka ƙara ko ka rage bayan gwajin farko. Kada saurin ƙiftawa ya wuce iyakar da kyamara ke iya tafiya tare da filasha, galibi 1/200 ko 1/250, in ba haka ba wani baƙin yanki zai rufe gefen hoton. A nan ba ƙiftawar ke tsayar da kifin ba, walƙiyar ce, domin a ƙaramin ƙarfi ba ta kai 1/1000 na daƙiƙa ba. Bar fitilar tankin a kunne don kyamara ta ga inda za ta saita. Ka ɗaure filashar da kyau a kan sanda mai ƙarfi. Tana tara wuta mai yawa a cikinta, bai kamata ta faɗa ruwa ba, bai kuma kamata jiƙaƙƙen hannu ya taɓa ta ba.

Game da kifin, shi zai faɗa maka. Wasu ko a jikinsu, wasu kuma su zabura. Fara da ƙaramin ƙarfi, ka bar tazara tsakanin walƙiya da walƙiya. Idan ka ga yana karo da gilashi, ko ya shige ɓoye, ko launinsa ya koɗe, a dakata. Kifayen da ke gadin ƙwai ko 'ya'ya, da wanda aka kawo bai kai mako ba, da masu fitowa da dare, a ƙyale su da filasha.

Tambaya: Kifina ja ne wur, amma a hoto sai ya koma ruwan lemo, ruwan tankin kuma kore-kore. A hoton ƙawata mai tankin ruwan gishiri kuwa komai shuɗi yake fitowa.

Amsa: Daidaiton fari ne ya kuɓuce wa kyamarar. Ƙwaƙwalwarmu tana gyara launin haske ba tare da mun sani ba, ita kuwa kyamara kintace take yi, kuma ganye kore da fitila mai launi suna ɓatar da ita. Fitilun tankin ruwa mai daɗi galibi suna wajen 6500K a ma'aunin launin haske, ki shigar da wannan lambar da hannu. Mafi inganci, ki nutsa tsabtataccen farin filastik ko mai ruwan toka a inda kifin ke wucewa, ki ɗauke shi, ki ce wa kyamara wannan ne fari. Idan akwai itace a tankin yana sakin ruwan rawaya kamar shayi mara kauri, gawayin matata na kwana biyu-uku yana rage shi.

Fitilun tankin ruwan gishiri mai murjani suna kaiwa 10,000K zuwa 20,000K, alhali yawancin kyamarori a 10,000K lambarsu ke tsayawa. Ƙawarki ta rage shuɗin fitilar ta ƙara farin na lokacin ɗauka, ko ta ɗora matatar haske mai ruwan lemo ko rawaya a gaban lensi. Ku duka ku riƙa ɗauka a RAW, tsarin ajiye hoto da ke ba da damar gyara launi daga baya ba tare da hoton ya lalace ba. Wajen gyaran kuma a yi hattara da ƙara ƙarfin launi. Ja ne ke fara cikewa, da zarar ya cike zanen ɓawo da jijiyoyin fiffike sun tafi, kifin ya koma kamar na roba.

Tambaya: Wasu hotunan suna fitowa da ratsi-ratsi masu duhu a kwance, wasu kuma ɗaya haske ɗaya duhu, alhali ban canza komai ba.

Amsa: Fitilarka ce ke ƙyaftawa da saurin da ido ba ya gani. Yawancin fitilun LED idan aka rage musu ƙarfi, kunnawa da kashewa suke yi da sauri, don haka mayar da ita ɗari bisa ɗari. Doguwar fitila ta da kuwa tana bin bugun wutar lantarki, sau 100 a daƙiƙa inda wutar take 50Hz, sau 120 inda take 60Hz, sai ka ɗauka a 1/100 ko 1/125 bi da bi. Kashe ɗaukar nan ta shiru da ba ta ƙara, ita ce ta fi jawo ratsin, ka kuma kunna maganin ƙyaftawa idan kyamararka tana da shi.

Tambaya: Ni waya kaɗai gare ni. In haƙura?

Amsa: A'a, Malama. Duk abin da muka faɗa kan duhun ɗaki, tsabtar ruwa da fuskantar gilashi a miƙe, shi ne kaso mafi girma na aikin, kuma bai bambanta waya da babbar kyamara ba. Goge idon wayar tukuna, maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya sa hazo. Manna ta a gilashi da rigarta ta roba, hannunki zai daina rawa, ƙyalli kuma ya ɓace. Danna kan kifin ki riƙe har saiti ya kulle, sai ki ja hasken ƙasa kaɗan. Idan akwai sashen Pro, sa 1/250, ISO kuma kada ya wuce 800 in da hali, domin waya ba ta jure ISO mai yawa.

Kashe ɗaukar dare. Hotuna da dama take haɗawa cikin daƙiƙa biyu ko uku, kifi kuma ba zai tsaya mata ba. Kashe kuma wadda ke shafe bayan mutum, tana cinye fiffike mai shara-shara. Idan wayar na da ido na 2x ko 3x na gaske, ki gwada shi a tanki mai haske sosai, amma jawo hoto da yatsu biyu yankewa ne kawai, ba ya ƙara komai. Wata dabara: ɗauki bidiyo na 4K ki tsamo hoto daga ciki. Kowane hoto a cikinsa 3840 sau 2160 ne, kusan megafiksel 8, ya isa a tura wa mutane, muddin hasken ya kai yadda motsi ba zai shafe ba.

Tambaya: Da na zo da kyamara sai su watse su ɓuya. In kamo wanda nake so in sa shi a kwalba in ɗauka?

Amsa: Kwalba ba za ta ba ka abin da kake so ba. Jikinta a lanƙwashe yake, kifin kuma da aka bi da raga yakan koɗe, ya tsuke fiffikensa, ya kwanta a ƙasa yana haki. Ba wannan kifin kake son mutane su gani ba.

Ajiye kyamarar a kan mai ƙafa uku a gaban tankin na kwana biyu, su saba da ita kamar kujera. Ranar ɗauka, jira minti 30 zuwa awa guda bayan kunna fitila, domin kifaye da yawa launinsu yana dusashewa da dare, neyon tetira ma ratsinsa sai ya ɗan jima yake dawowa. Zauna shiru minti goma, kada ka ƙwanƙwasa gilashi, kada inuwarka ta gitta ta samansu. Lokacin da suka saba cin abinci shi ne suka fi matsowa gaba, kuma ƙwaya biyu ko uku a wuri ɗaya ta isa ta tara su. Namijin beta yana baza fiffike idan ya ga kansa a madubi, amma faɗa yake ganin zai yi, don haka minti ɗaya ko biyu ka janye madubin.

Masu kiwo da ke buƙatar hoton kowane kifi daban suna amfani da ɗan siririn tanki mai gilashi a miƙe, faɗinsa daga gaba zuwa baya santimita 5 zuwa 10. Ruwan tankinsa ake ɗebowa, don zafi da yanayin ruwan su zama ɗaya, a shirya kyamara da haske kafin a kawo shi, a rufe saman kada ya yi tsalle, a mayar da shi cikin minti goma zuwa sha biyar.

Tambaya: Yaya zan ɗauki tankin gaba ɗaya ya fito a miƙe?

Amsa: Kafa kyamara a kan mai ƙafa uku, lensi daidai tsakiyar tsayin tankin da tsakiyar faɗinsa. Ja da baya mita biyu zuwa uku ka yi amfani da milimita 50 ko fiye, domin lensi mai faɗi a kusa yana kumbura gefuna. Kunna layukan allo, ka daidaita su da bakin ruwa da kusurwoyin tankin. Sa f/8, ka yi amfani da jinkirin daƙiƙa 2 don kada dannawa ta girgiza. Manna baƙar takarda ko shuɗiya mai duhu, marar sheƙi, a bayan tankin ta rufe bango da wayoyi, sai dai in kifayenka baƙaƙe ne kamar baƙin moli, su bango mai haske suke so. Cika ruwan har sama. Idan za ka cire hita mai ɗumama ruwa don kada ta fito, zare ta daga wuta ka bar ta minti 15 ta huce a cikin ruwa, domin mai gilashi tana fashewa idan aka fito da ita da zafi.

Tambaya: Kifina ba shi da lafiya, ina son in tura hotonsa ga masani. Wane iri zan ɗauka?

Amsa: Allah ya sawwaƙe, Malama. Wannan hoton ba na ado ba ne, kada ki gyara masa launi ko ki goge ɗigo ko ɗaya. Sa farin haske zalla, ki ɗauki gefen dama, gefen hagu, da ɗaya daga sama, wanda shi ke nuna kumburin ciki da ɓawon da ya miƙe. Ki goge gilashin sosai, domin kumfa ko ƙura a jikinsa tana kama da cutar fararen ɗigo. Idan ɗigon na wuri ɗaya a jikin kifin a hotuna uku da ya motsa a cikinsu, a jikinsa yake. Haɗa da bidiyon daƙiƙa 20 da ke nuna numfashinsa da yadda yake iyo, da hoton tankin gaba ɗaya, sannan ki rubuta girman tankin a lita, zafin ruwan, sakamakon gwajin amoniya da naitirait, da ranar da kika sa sabon kifi na ƙarshe.